Abin da Harin Agadas Ya Bar Mana

Ranar Alhamis 23 ga Mayu 2013, da asuba, wata mota maƙare da bama-bamai ta tarwatse a barikin soja na Agadas. Kusan lokaci guda wata ta fashe a mahaƙar uraniyom ta Somaïr da ke Arlit, kimanin kilomita 240 arewa da mu. Mutum fiye da 20 suka rasu, akasarinsu sojoji. Ƙungiyar MUJAO ta ɗauki alhaki, wai ramuwa ce saboda shigar Nijar yaƙin Mali.

Ƙarar ta kai har cikin ɗakunanmu. Mun yini a ƙulle muna jin harbe-harbe, iyaye mata suna ƙirga ƴaƴansu, ba a murƙushe sauran maharan ba sai washegari. Gwamnati ta sa makoki na kwana 3.

Amma babban rashi bayan rayuka shi ne aminci. Agadas zangon ayari ce tun kaka da kakanni, baƙo yakan sauka a ba shi ruwa kafin a tambayi sunansa. Bayan harin, sai muka koma kallon kowace baƙuwar fuska da zargi. Ko da UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a watan Yuni na shekarar, murnar ta zo mana a raunane.

Ya ku iyaye, wajibi ne mu koya wa yara lura, kada kuma tsoro ya raba su da karrama baƙo. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.