Kiɗa Mai Taushi a Ɗakin Masu Ciwon Zuciya

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon zuciya a asibiti ya sani ba ciwon kaɗai ke damun majinyaci ba, har da tsoro. Dare ya raba, ga ƙarar na'urori, ga tunanin iyali, barci ya ƙi zuwa.

To, tsoron nan ba ƙaramin abu ba ne. In mutum ya firgita, jikinsa kan saki wani sinadari da ake kira adrenalin, sai zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau. Zuciyar da jijiyoyinta suka tsuke kuwa, jinin da ke isa gare ta bai ishe ta wannan ƙarin aiki ba. Watau kamar a ɗora wa gajiyayyen jaki ƙarin mangala ne.

Saboda haka likitoci suka nemi abin da zai kwantar da hankali ban da ƙwayoyi. A Amurka, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, makaɗa sun riƙa shiga asibitocin sojoji, har a 1950 aka kafa ƙungiyar masu jinya da kiɗa. A 2006 Likita Luciano Bernardi na Jami'ar Pavia ta ƙasar Italiya ya bayyana gwajin da ya yi da mutum 24. Ya tarar kiɗa mai sauri na ƙara bugun zuciya da numfashi, amma shirun minti 2 da aka sa a tsakanin kiɗan ya sauko da su ƙasa da yadda suke tun farko.

A 2013 masanan ƙungiyar Cochrane, Joke Bradt da Cheryl Dileo da abokin aikinsu, sun tattara gwaje-gwaje 26 da aka yi da masu ciwon jijiyoyin zuciya. Suka ga sauraron kiɗa na rage fargaba, musamman ga wanda jini ya toshe wa jijiyar zuciya, kuma amfanin ya fi yawa in majinyaci ne ya zaɓi abin da zai saurara.

Amma fa a lura. Kiɗa ba ya buɗe jijiyar da ta toshe, ba ya kuma maye gurbin maganin likita. Mataimaki ne kurum.

Don haka, malamai da ma'aikata, in kuka je dubiya, ku nemi iznin likita, ku tambayi maras lafiya abin da ransa ke so, a sa masa a hankali ba tare da an dami maƙwabcin gadonsa ba. In ya ce shiru yake so, a bar shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.