'Ya'yan Jakpa Bakwai Ne Ko Biyar?

A farkon ƙarni na 20, lokacin da Turawan Ingila suka fara rubuta tarihin ƙasar Gonja da ke arewacin Ghana, dattawa sun shaida musu cewa Ndewura Jakpa ne ya kafa daular, kuma ya haifi 'ya'ya bakwai, ya ba kowannensu yanki guda ya sarauta. A lokacin, yankunan ƙasar bakwai ne. Gonja ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe, domin a cikinta Salaga take, inda a da fatakenmu suka daɗe suna zuwa sayen goro. Bayan kusan shekara 60, wani masanin rayuwar al'umma mai suna Jack Goody ya je ya sake yin wannan tambaya. Kafin zuwansa yankuna biyu sun ɓace, ɗaya an haɗe shi da yankin da ke maƙwabtaka da shi, ɗaya kuma sauyin iyaka ya tafi da shi. Da ya tambaya, sai aka ce masa 'ya'yan Jakpa biyar ne, kuma babu wanda ya ambaci sunan sauran biyun.

Mai saurin yanke hukunci zai ce ƙarya aka shirga. Goody da abokin aikinsa Ian Watt, a rubutun da suka fitar a 1963, sun ga abin ta wata fuska. Labarin Jakpa aiki yake yi wa mutanen Gonja: shi ne hujjar da ke nuna wa ke da sarautar wane yanki, wa ke gaba da wa, wa zai iya neman babbar kujera. Idan yanki ya gushe, ɗan da ke wakiltarsa a cikin labari ba ya da sauran aiki, sai a daina kiran sunansa a fada, yaran da suka tashi daga baya kuma ba su taɓa jin sa ba. Ba sai an yi taro an yanke shawarar goge shi ba. Irin wannan ya faru a ƙasar Tibi, inda ma'aikatan mulkin mallaka suka rubuta salsalar dangogi don yanke shari'a. Da shekaru suka ja, aka riƙa ɗauko takardun a kotu, mutane kuma suna cewa takardar ce ta yi kuskure, domin salsalar da ke bakinsu ta riga ta bi yadda zumunci da zaman ƙasa suka sauya. Laura Bohannan ta yi bayanin wannan a 1952.

Tushen wannan fanni na bincike ya girmi su duka. Bafaranshe Maurice Halbwachs ya nuna tun 1925 cewa mutum ba ya tuna abu shi kaɗai. Gida da unguwa da zumuntar sana'a da taron addini ne ke riƙe masa abin da zai tuna, su ke maimaita shi a wajen suna da biki da zaman makoki, kuma abin da aka daina maimaitawa yakan mutu ko da ya faru da gaske. Daga nan masu bincike suka koyi raba tambaya gida biyu. Ta farko: me ya faru? Ta biyu: me ya sa ake ba da labarin ta wannan hanya, kuma wa yake amfana? Mafi yawan rigimar da ake yi kan tarihi a majalisu da rediyo, cakuɗa waɗannan tambayoyi ne ke kawo ta.

Wanda ya shimfiɗa ƙa'idar amsa tambaya ta farko shi ne Jan Vansina, ɗan Beljiyam da ya yi aiki cikin al'ummar Kuba ta Kwango, ya fitar da littafinsa a 1961. Duk wanda ya zauna a gaban malamin hadisi zai gane hanyar nan take. Ana tambayar mai ba da labari daga wa ya ji, wancan kuma daga wa, a wane irin zama, kuma mene ne matsayinsa: maroƙi ne, ko ɗan gidan sarauta, ko jikan waɗanda aka ci da yaƙi? Ana tattara ruwayoyi daga gidajen da ba sa ga maciji da juna, domin abin da abokan gaba suka yi ittifaƙi a kansa ya fi ƙarfi. Bambancin kawai shi ne malaman hadisi suna da littattafan da suka tantance maruwaita ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa mai binciken tarihin baka sau da yawa silsilarsa takan tsaya a kan "haka muka ji daga kakanni". Dole ya nemi shaida daga waje: abin da aka tono a kufai, wasiƙar wani baƙo, ko kusufin rana da aka ambata a zamanin wani sarki, wanda masana taurari za su iya lissafa shekararsa.

Vansina ya lura da wani abu da ke maimaituwa kusan ko'ina. Mutane suna da labari mai yawa kan zamanin iyaye da kakanni, suna da labari mai armashi kan asalin farko, amma tsakanin biyun sai ka tarar da rami, inda ɗaruruwan shekaru kan dunƙule su zama 'yan sunaye. A nan ne lissafin shekara ke da haɗari. Ɗauki Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. Littafin yakan faɗi shekarun da kowane sarki ya yi a kan gado. Shekarar 999 da yara ke haddacewa a matsayin farkon sarautar Bagauda, an same ta ne ta hanyar tara waɗannan shekaru a koma da baya. Idan an manta sarki ɗaya, ko an ƙara wa wani shekara 20, duk lissafin sarakunan da suka gabace shi ya gurgunce. Murray Last yana ganin an harhaɗa littafin a siffar da muka san shi ne a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893 (ba Sarkin Musulmi Bello ba, ana yawan rikita su), wasu masanan kuma suna ganin an daɗe ana ƙara masa sarki bayan sarki. Ko ma wanne ne, zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, yana da ƙafar tsayawa da Bagauda ba shi da ita, domin zuwan Shehu Almagili Kano a wajen 1492 sananne ne daga wasu rubuce-rubuce, ga kuma nasihar da ya rubuta wa sarkin.

Labarin Bayajidda ya fi dacewa da tambaya ta biyu. Baƙo daga gabas, macijiya a rijiyar Kusugu, auren Daurama, sannan Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Abdullahi Smith, wanda ya jagoranci sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi jayayya a 1970 cewa ba za a iya bayyana kafuwar daulolin Hausa da zuwan jarumi guda ba. A ganinsa, abin ya taso ne daga ciki, sannu a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni mai ganuwa, a wuraren da ke da ƙasar noma da tama da hanyar fatauci, kamar gindin Dala. Wannan bai sa labarin ya zama wofi ba. A cikinsa akwai tsarin wa ke uwa wa ke ɗa a tsakanin garuruwa, da dalilin da ya sa ake girmama Daura, da yadda aka shata iyaka tsakanin "mu" da maƙwabta. Jerin Banza Bakwai ma yakan sauya daga ruwaya zuwa ruwaya. Kuma a Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Bello, an danganta Bawo, wanda labarin ke cewa ɗan Bayajidda ne, da Barno kai tsaye. A nawa ra'ayin, wanda ya ce labarin tatsuniya ce kawai da wanda ya ce kowace kalma a cikinsa ta faru, duk sun bar abin da ya fi daraja a ciki, wato shaidar yadda magabata suka so a fahimci dangantakarsu.

Makaranta ce ta zo ta sauya lissafin gaba ɗaya. Littafin aji yakan zaɓi ruwaya guda, a buga ta dubbai, a yi jarrabawa a kanta, wanda ya rubuta ta gidansu kuma ya faɗi. Bayan ƙarni guda na wannan, sai mai bincike ya je ƙauye da rikoda, dattijo ya zayyana masa labari tsaf, ashe daga littafin firamare ya samo shi, ko daga jikansa, ko daga wani shirin rediyo. David Henige ya yi dogon nazari kan wannan komowar rubutu cikin baki a shekarun 1970. Illarta ita ce mai bincike zai zaci ya sami shaidu biyu masu zaman kansu, alhali shaida ɗaya ce ta zagayo. Shi ya sa tsofaffin faifai da rubuce-rubucen da ke ajiye a Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa a Yamai a 1968, suke ƙara daraja kullum: an ɗauke su daga mutanen da yawancinsu ba su shiga aji ba.

Nijeriya ta cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare a wajen 2009, ta cusa shi cikin darasin zamantakewa, sannan a 2022 gwamnati ta sanar da dawo da shi. A tsakanin nan yara ba su zauna babu tarihi ba, sun samo shi daga fina-finai da wa'azi da saƙonnin WhatsApp. Ɗalibin jami'a da zai fita bincike yanzu, kafin ya tambayi dattijo me ya faru, sai ya fara tambayarsa ko ya yi makaranta, wane gidan rediyo yake saurare, da kuma ko wani mai rikoda ya riga shi zuwa gidan.