Ko ka sani? Oktofus na sauya saƙon jikinsa idan sanyi ya kama

Oktofus dabbar teku ce mai hannuwa takwas, zuciya uku da jini shuɗi. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi kamar namu, duk yadda ruwa yake haka shi ma yake. To ta yaya ƙwaƙwalwarsa ke ci gaba da aiki idan ruwan ya yi sanyi?

Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da DNA, wato ainihin umarnin ginin jiki. Idan za a ƙera furotin, sai a kwafo umarnin zuwa RNA, kamar yadda almajiri ke kwafo rubutu daga littafi zuwa allo. Akwai wani furotin mai suna ADAR da ke manne wa RNA ya sauya harafin A, ta yadda idan an zo karantawa sai a ɗauke shi a matsayin G. Littafin yana nan yadda yake, allon kawai aka taɓa, amma furotin da zai fito ya bambanta. Mu ma muna da ADAR, sai dai galibin aikinsa a jikinmu yana faɗawa ne a wuraren da ba sa sauya furotin.

A 2023, ayarin Joshua Rosenthal na ɗakin binciken halittun teku da ke Woods Hole a Amurka, tare da Eli Eisenberg na Jami'ar Tel Aviv, suka wallafa wani bincike a mujallar Cell. Sun ajiye oktofus ɗin gaɓar Kalifoniya a tankuna, wasu a ma'aunin zafi 22, wasu a 13. A jijiyoyin waɗanda ke cikin sanyi, gyaran da ADAR ke yi wa RNA ya ƙaru a wurare fiye da 13,000. Cikin sa'o'i abin ya fara, cikin kusan kwana huɗu ya daidaita. Da suka duba waɗanda aka kamo daga teku a hunturu da bazara, sai ga irin wannan bambancin.

Furotin biyu suka fi bibiya. Kinesin, mai jigilar kaya a cikin jijiya, ya rage gudu bayan gyaran. Na biyun, synaptotagmin, shi ya fi jan hankalina, domin a kan siririyar fatar maiƙo yake zaune, wadda ke lulluɓe 'yan jakunkunan da ke ɗauke da saƙon jijiya. Da sinadarin kalsiyam ya shigo, sai furotin ɗin ya kama shi, ya cafki maiƙon bangon jijiyar, jakar ta buɗe, saƙo ya wuce. Harafi ɗaya tak da aka sauya ya canza yadda yake riƙon kalsiyam ɗin.

Abin ba kyauta ba ne. ADAR ba ya kama RNA sai RNA ɗin ya naɗe ya zama igiya biyu, don haka dole DNA da ke kewaye da waɗannan wurare ya kasance bai cika sauyawa ba. Binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa wannan ya rage saurin sauyawar DNA na oktofus da danginsa daga zuriya zuwa zuriya.