Mai Rawar Tagulla ta Birnin Paris: Wacce ce ta Asali, Wacce ce Jabu?

A cikin kayan tarihin da ake rububinsu a dakunan gwanjo na Paris da Landan da New York, akwai wata 'yar fitila ta tagulla da tsawonta bai kai rabin mita ba. Siffar mace ce tana rawa, mayafinta ya tashi sama ya lulluɓe kanta tamkar harshen wuta, an kuma ɓoye ƙwan lantarki a cikin ninkin mayafin. Wanda ya tsara ta shi ne François-Raoul Larche, wani masassaƙi Bafaranshe da ya rasu a shekarar 1912. Matar da ya siffanta kuwa ita ce Loïe Fuller, 'yar rawa Ba'amurkiya.

Fuller ta fara fitowa a dandalin Folies Bergère na birnin Paris a shekarar 1892. Takan ɗaura yadudduka masu yawa na siliki, ta riƙe dogayen sanduna a cikinsu tana wulwulawa, ana haska ta da fitilu masu launi iri-iri, har mai kallo ya rasa gane ko mutum yake gani ko fure ko wuta. A babban bikin baje kolin duniya na shekarar 1900, wanda mutane kimanin miliyan 50 suka halarta a Paris, gidan wasa na kanta aka gina mata.

Wannan shi ne lokacin tashen salon da ake kira Art Nouveau, wato sabuwar fasaha, sunan da ya bazu bayan da ɗan kasuwa Siegfried Bing ya buɗe shago mai wannan suna a shekarar 1895. Masu wannan salo sun guji miƙaƙƙen layi. Abin da ke burge su shi ne lanƙwasar reshe, da zubar gashi, da kaɗawar tufafi cikin iska, don haka rawar Fuller ta zo musu daidai. Shi ma Agathon Léonard ya yi jerin 'yan rawa masu wasa da gyale domin masana'antar tangaran ta Sèvres, daga baya kamfanin Susse ya zuba su da tagulla.

To, a nan ne fa batun yake da sarƙaƙiya. Mai zanen fenti hoto guda yake yi, amma mutum-mutumin tagulla tun fil azal da yawa ake zuba shi. Masassaƙin yakan gina siffar da yumɓu ko farar ƙasa, sa'an nan ya sayar wa masana'antar zubi izinin yin ta. Larche, alal misali, da kamfanin Siot-Decauville ya yi hulɗa. Tun a shekarun 1830 wani injiniya mai suna Achille Collas ya ƙirƙiro na'urar da ke rage girman mutum-mutumi ba tare da siffar ta ɓaci ba, kuma da ita ne Ferdinand Barbedienne ya kafa masana'antar da ta cika falon masu hali da tagulla. Hatta Auguste Rodin, wanda ya fi kowa suna a zamanin, ya ƙulla yarjejeniya da wannan kamfani a shekarar 1898, aka zuba sanannen aikinsa na masoya biyu fiye da sau 300 cikin shekaru 20. Akasari da yashi ake yin mazubin, ko da yake wasu masana'antun sun fi son dabarar kakin zuma, irin wadda maƙeran Ife da Benin suka gwanance a kanta ɗaruruwan shekaru kafin nan.

Ke nan tambayar da mai saye ya kamata ya yi ba ita ce ko hannun Larche ya taɓa fitilar ba, domin da wuya ya taɓa. Abin tambaya shi ne wace masana'anta ce ta zuba ta, a wace shekara, kuma da izinin wa.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya salon ya daina tashe, aka riƙa kallon kayan a matsayin tarkacen kakanni. Sai a shekarun 1960 aka sake waiwayarsu, farashi ya tashi, masu jabu kuma suka farka.

Shari'ar da ta fi girgiza kasuwar ita ce ta Guy Hain, wani dillali da ake yi wa laƙabi da sarkin Burgundi. A shekarar 1992 'yan sandan Faransa suka kama shi, suka ƙwace tagulla mai nauyin kusan tan 20, a shekarar 1997 kuma kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekaru 4. Dabararsa mai sauƙi ce ƙwarai. Daga cikin abin da yake yi har da goge hatimin Georges Rudier, wanda ya yi zubi bayan rasuwar Rodin, a buga na Alexis Rudier, sunan da ke kan ayyukan da aka zuba Rodin yana raye. Da sauyin suna guda, sai kuɗin kaya ya ninka. Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin kayan nasa sun riga sun shige gidajen masu tara kayan tarihi kafin asiri ya tonu, wasunsu ma ta hannun manyan 'yan gwanjo.

A yau dokar Faransa ba ta yarda a kira sabon zubi na asali ba idan ya wuce guda 12, wato 8 na sayarwa da 4 na mai aikin, kuma tun shekarar 1981 wajibi ne a rubuta a jikin kwafi cewa kwafi ne. Sai dai fitilun Larche sun girmi wannan ƙa'ida, yawancinsu ba su da irin wannan lambar ƙidaya.

Wata matsalar ta daban ita ce ta mutum-mutumin da aka yi wa fuska da hannuwa da hauren giwa. Yayin wannan haɗi ya ƙarfafa ne bayan baje kolin Tervuren na shekarar 1897, inda gwamnatin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ta raba wa masassaƙa haure daga Kwango domin tallata mulkin mallakarsa. Tun watan Yunin shekarar 2022 dokar Birtaniya ta hana cinikin mafi yawan kayan haure, saboda haka wasu magada suna riƙe da abin da ba su da ikon sayarwa sai da takardar togaciya.

Masana kan fara ne da duba ƙarƙashin kaya, su ga hatimi da irin kusoshin da aka ɗaure shi da su. Sukan duba yatsu da gashi, domin a masana'antun da, akwai ma'aikacin da ke bin kowane zubi da kurfi yana fito da zanen, aikin da mai jabu ba ya da haƙurin yi. Daga nan sai su ɗauko ma'auni. Tagulla tana ɗan tsukewa idan ta huce, don haka duk zubin da aka kwafo daga jikin wani zubin yakan gaza na asali da kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100. A fitila mai tsawon santimita 45, bambancin bai kai faɗin ɗan yatsa ba.