Shin Da Gaske Ana Zuba Roba A Cikin Allura?

Tun daga shekarar 2021, lokacin da rigakafin korona ya iso ƙasar nan, wata magana take yawo a kasuwannin Ɗambatta da Bichi da ƙauyukan da ke kewaye da su, wai Turawa roba suke narkawa su zuba a allura, har ta kai wanda likita ya rubuta wa allura yakan ninke takardar ya cusa ƙarƙashin tabarma, ya koma wa jiƙon saiwa. Ba za a zargi jama'armu da yawan zato ba, domin ba su manta da gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a annobar sanƙarau ta 1996 ba, balle maganin haƙori na My Pikin da ya halaka yara 84 daga ƙarshen 2008. Amma zato, ko da yana da dalili, ba ya zama hujja sai an yi tahƙiƙi.

Abin da ake kira roba ɗin shi ne PEG, wani sinadari mai narkewa a ruwa, wanda ƙwayoyinsa suke haɗe da juna a jere. Dafin da ya kashe yaran My Pikin irin waɗannan ƙwayoyi ne amma biyu tak, wanda hanta take juyawa ya zama guba mai lalata ƙoda, alhali PEG da ke cikin allurar ciwon hanta ta Pegasys ya kai ƙwaya wajen 900, kuma jiki ba ya sarrafa shi ta wannan hanya.

Asalin hikimar sanya PEG a magani daga Jami'ar Rutgers ta Amurka ta fito, inda Frank Davis da ɗalibinsa Abraham Abuchowski suka bayyana a 1977 cewa idan aka ɗaura PEG a jikin furotin, to garkuwar jiki ba ta saurin gane shi baƙo ne, kuma yakan daɗe a jini, saboda ya yi girman da ƙoda ba za ta tace shi cikin hanzari ta zubar a fitsari ba. Misalinsa kamar manomin da ya dasa mangwaro a bakin gonarsa lokacin rani, sa'ad da aka saki awaki, ya kewaye shi da ƙaya: akuya ba ta isa ta kai baki ba, amma shi kansa mai dashen sai ya yi dabara kafin ya kai masa ruwa. Haka furotin da aka lulluɓe yakan rasa wani kaso na kaifinsa, sai dai tsawon zamansa a jini ya rama abin da ya rasa har da riba.

Fa'idar ta bayyana a fili. A 1990 aka amince da Adagen domin jariran da aka haifa ba garkuwar jiki, a 1994 Oncaspar domin sankarar jini, sannan Pegasys a 2002, wanda ya mayar da allurar ciwon hanta daga sau uku a mako zuwa sau ɗaya. Ko da yake a yau ƙwayoyin haɗiya sun karɓi mafi yawan wannan aiki, duk wanda ya san wahalar kuɗin mota daga Kunci zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ya san darajar wannan ragi. Illa kuwa akwai ta, domin jikin wasu ƙalilan ba ya karɓar PEG, har yakan kai su ga kumburi da sarƙewar numfashi, shi ya sa ake zaunar da mutum na ɗan lokaci bayan allura.

Abin takaici shi ne hukumomi sun fi ƙwarewa wajen cewa a zo a karɓa fiye da bayyana abin da ake karɓa. Haƙƙin talaka ne a faɗa masa amfanin magani da illarsa cikin harshensa, a rediyo da bakin ma'aikacin asibitin ƙauye, tun kafin mai jita-jita ya riga su.