Ko Kun Sani? Tsiron Cikin Hanci

A garin Tawa, da zarar hunturu ya kwaso ƙura daga Bodele ta ƙasar Cadi, kowa kukan toshewar hanci yake yi. Amma toshewar da ta haura wata 3, har mutum ya daina jin ƙamshin albasa tana soyuwa, wataƙila ba mura ba ce. Tana iya zama tsiro mai laushi, fari-fari kamar ɓararren inabi, wanda ba ya ciwo.

Dakarun jiki ne da kansu ke rura shi. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, waɗanda masanin kimiyya Paul Ehrlich ya bayyana a 1879, an san su da yaƙar tsutsar ciki. In suka yi dandazo a fatar cikin hanci, sai ta kumbura, ta tara ruwa, ta zazzago. Feshin sitiroyid yakan sa tsiron ya motse, amma ko an yi tiyata yakan sake fitowa.