Man Askin Ingila: Tsofaffin Shaguna da Gardamar Kumfa

A birnin Landan akwai wasu shaguna uku da masu son aski da reza da burushi ke kira "T uku": Truefitt & Hill, Taylor of Old Bond Street da Geo. F. Trumper. Na farkon ya buɗe tun 1805, shekara guda bayan fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma kundin Guinness ya amince shi ne shagon aski mafi daɗewa a duniya. Taylor ya biyo baya a 1854, Trumper kuma a 1875.

Abin dariya, wanda ya nufi titin Old Bond Street neman shagon Taylor zai sha yawo, domin a titin Jermyn yake. Sunan kawai ya rage.

Wani shagon, D.R. Harris, ya girme su duka, tun 1790 yake, amma shi asalinsa kantin magani ne.

Gardamar masu amfani da man askin waɗannan shaguna ba ta ƙarewa. Wannan ya rantse babu kamar na Taylor mai ƙamshin sandal, ga sauƙin kuɗi ga saurin kumfa. Wancan ya ce sai na Trumper. Trumper ɗin ma har da mai ƙamshin furen wardi yake sayar wa gardawa masu gemu, suna kuma saye ba kunya. Amma in ka juya robar ka karanta abin da aka haɗa, kusan kanwar ja ce: sinadarin stearic, man kwakwa, giliserin da ruwa. A ganina, yawancin rigimar ta hanci ce, ba ta fata ba.

Ba a cika hannu da man. Ɗan lakuce kamar ƙwayar gyaɗa ya isa, a juya da jiƙaƙƙen burushi a ƙoƙo, ana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan har kumfar ta yi kauri, ta daina manyan idanu, ta fara sheƙi. In ta bushe a fuska kafin a gama kunci ɗaya, ruwa ne ya yi kaɗan. Da yake ɗan lakuce ya isa, roba guda kan kai watanni.

Ruwan ma da nasa hali. Na Landan yana ɗauke da alli da yawa, irin wanda ke hana sabulu tashi, don haka mutum biyu kan sayi abu ɗaya, ɗaya ya yaba ɗaya ya kushe.

Burushin da ake taƙama da shi na gashin wata dabba ce dangin dage, kuma yawancin gashin daga Sin ake kawo shi, ko da a Ingila aka ɗaura.

Mai gemu mai murɗe irin namu kada ya ruɗu da tsada. Man yana sa reza ta zame lafiya, amma in aka kankare gashi har saiwa, ƙuraje za su fito ko da na Truefitt aka shafa.